Shin darussan yaƙi da shaye-shaye a makarantu suna hana yara faɗawa cikin miyagun ƙwayoyi?

Wata mataimakiyar shugaban makarantar sakandare ce ta aiko da wannan tambaya: "Duk shekara mukan gayyato baƙi su yi wa ɗalibanmu jawabi a kan illar miyagun ƙwayoyi. Akan nuna musu hotunan waɗanda shaye-shaye ya lalata, wani lokaci ma wanda ya taɓa shiga harkar ya fita yakan zo ya ba da labarinsa. Yara sukan yi tsit suna saurare, wasu har da hawaye. Amma ni dai ban ga matsalar ta ragu ba. Shin waɗannan shirye-shirye suna da amfani, ko wahalar banza muke yi? Idan akwai wanda yake aiki, wane iri ne?"

Malama, abin da kika lura da shi a makarantarku ya yi daidai da abin da masu bincike suka daɗe suna ganowa, don haka bari in ba ki amsar kai tsaye kafin in shiga bayani. Akwai shirye-shiryen makaranta da aka tabbatar suna rage yawan yaran da ke fara shan taba, giya da wiwi, sai dai ragin da suke kawowa ba mai yawa ba ne, kuma salon da kika bayyana, wato taron yini ɗaya da hotuna masu firgitarwa da labarin wanda ya tuba, ba ya cikin waɗanda aka ga amfaninsu. Na san maganar tana da nauyi ga wanda ya sa ƙarfinsa da lokacinsa a wannan aiki saboda tausayin yara, amma tausayin nan ne ya sa ya wajaba a faɗe ta.

Kafin a ce shiri yana aiki ko ba ya yi, sai an san abin da ake aunawa. Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa: abin da yaro ya sani game da ƙwaya, abin da ya ce yana ji a ransa game da ita, da abin da yake aikatawa idan ya bar aji. Na farko da na biyu suna da sauƙin motsawa, domin kusan kowane jawabi mai kyau yana ƙara wa yaro sani, kuma idan aka raba takardar tambayoyi a ƙarshen taro yawancin yara za su rubuta cewa ba za su taɓa kusantar ƙwaya ba, da gaske kuma suke yi a lokacin. Na ukun ne mai wuya, shi ne kuma abin da ya dame mu. Hanya mafi inganci ta auna shi ita ce a ɗauki makarantu da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a gudanar da shirin a gida ɗaya a bar ɗayan yana karatunsa yadda ya saba, sannan a koma bayan shekara ɗaya, ko biyar, ko goma, a ga ko akwai bambanci tsakanin yaran ɓangarorin biyu. In ba da wannan kwatance ba, babu yadda za a gane ko shirin ne ya kawo sauyi ko kuwa dama abin yana hawa ko sauka a ko'ina. Hawayen da kika gani shaida ce cewa maganar ta taɓa zukatan yaran a ranar, amma ba ta gaya mana abin da yaro zai yi bayan wata shida ba, ranar da amininsa ya miƙo masa abu a inda babu malami babu iyaye.

Babban darasi a wannan fage ya fito ne daga Amurka, daga shirin da ake kira D.A.R.E., wanda rundunar 'yan sandan Los Angeles da hukumar makarantun birnin suka kafa a 1983. Tsarinsa shi ne ɗan sanda sanye da kaki ya riƙa shiga aji sau ɗaya a mako, ya koyar da darussa 17 ga yara 'yan shekara 10 zuwa 12 a kan illar ƙwayoyi da yadda za su ƙi tayin su. Shirin ya samu karɓuwar da ba a taɓa ganin irinta ba. Iyaye suna son sa, 'yan siyasa suna yabon sa, yara suna jin daɗinsa, har ya shiga kusan kashi uku cikin huɗu na gundumomin makarantun ƙasar, ya kuma tsallaka zuwa ƙasashe da dama. Da aka zo aunawa sai labari ya sha bamban. A 1994 Susan Ennett da abokan aikinta suka tattara sakamakon bincike takwas mafi inganci da aka yi a kansa, suka tarar tasirinsa a kan ainihin shaye-shaye ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kuma kai na shirye-shiryen da ke sa yara tattaunawa da gwaji a tsakaninsu ba. A 1999 Donald Lynam da tawagarsa a Jami'ar Kentucky suka bi sawun matasa kimanin 1,000 shekara goma bayan lokacin darussan, ba su sami bambanci tsakanin waɗanda suka yi da waɗanda ba su yi ba a shan taba, giya, wiwi ko sauran ƙwayoyi. A 2003 ofishin da ke bincika wa majalisar dokokin Amurka ayyukan gwamnati ya duba bincike shida na dogon zango, ya kai ga matsaya iri ɗaya. Sai a 2009 ƙungiyar ta fara ajiye tsohuwar manhajarta ta ɗauki wata dabam. Mutanen kirki ne suka gudanar da wannan shiri, da kyakkyawar niyya, kuma miliyoyin yara sun ratsa ta cikinsa a tsawon shekarun da manya suke ganin an magance matsala. Abin da ke ba ni tsoro a tarihinsa ke nan: jin daɗin da manya suka yi da shi ne ya hana a tambaya da wuri ko yana yi wa yara wani amfani.

Me ya sa bayani da tsoratarwa ba sa isa? Da farko dai, ba rashin sani ne ke kai yawancin yara ga shaye-shaye ba. Ɗan shekara 14 da ya karɓi karan sigari na farko ya daɗe da jin cewa taba tana kisa. Abin da ya fi ƙarfinsa a wannan lokaci shi ne kunyar a kira shi matsoraci, ko son shiga wani gungu, ko damuwar da ya taso da ita daga gida, ko son gwada sabon abu wanda ɗabi'a ce ta wannan mataki na rayuwa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya kuma taka wa sha'awa birki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai shekara 20 da ɗoriya, alhali sashen da ke neman daɗi da yabon tsara ya riga ya farka tun farkon balaga. Saboda haka ciwon huhu ko na hanta da zai zo bayan shekara 30 abu ne mai nisa a wurinsa, dariyar abokai kuwa ga ta nan a gabansa. Sannan akwai illar zuzutawa. Idan aka gaya wa yaro cewa duk wanda ya ɗanɗana wiwi sau ɗaya zai haukace, daga baya ya ga wani ɗan ajinsu da ya sha yana zuwa makaranta lafiya lau, to ba wannan maganar kaɗai zai zubar ba, har gaskiyar da aka haɗa da ita zai zubar, kuma daga ranar ya daina yarda da mai faɗar.

Dalili na uku ya fi ɓoyuwa, shi ne kuma ya shafi labarin wanda ya tuba. Mu manya wahala da nadama muke ji a labarin, amma yaro mai son kasada yana iya jin wani abu dabam: ga mutum ya yi duk abin da ake hana mu, ya ga duniya, ya fita da ransa, yau kuma shi ne a gaban taro kowa yana sauraron sa. Haka nan idan aka yi ta nanata cewa ƙwaya ta gama da matasa, ta shiga ko'ina, yaron da bai taɓa sha ba sai ya ɗauka shi kaɗai ya rage, alhali a yawancin makarantu waɗanda ba sa sha su ne mafi rinjaye. An sha gano cewa matasa suna ƙiyasta yawan masu sha a cikin tsararsu fiye da yadda yake, kuma wannan zato da kansa yana tura su. Shi ya sa ƙa'idojin rigakafin shaye-shaye na duniya, waɗanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka ya fitar a 2013, aka kuma sabunta su tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, suka lissafa lacca zalla, da bayani mai tsoratarwa, da kawo tsofaffin masu shaye-shaye su ba da shaida, a cikin hanyoyin da ba a ga amfaninsu ba ko aka ga sun yi illa.

To me ke aiki? Nancy Tobler ta shafe shekaru tana tattara sakamakon gwaje-gwaje, kuma a nazarinta na 2000, wanda ya haɗa shirye-shirye 207, abin da ya fi fitowa fili shi ne nauyin yadda ake koyarwa. Shirye-shiryen da yara ke zaune ana zuba musu bayani kusan ba su motsa komai ba, waɗanda kuwa yara ke tattaunawa a ƙananan rukunai, suna kwaikwayon yanayi, suna gwada amsa da bakinsu, su ne suka nuna ragi. A 2014 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, a nazarin da Fabrizio Faggiano ya jagoranta, ta duba gwaje-gwaje 51 da suka ƙunshi ɗalibai sama da 127,000, ta kuma kammala da cewa shirye-shiryen ƙara sani suna ƙara sanin ne kawai ba tare da sauya hali ba, amma waɗanda suka haɗa koyar da dabarun zama da mutane da koyar da tsayuwa gaban matsin tsara suna ba da kariya ƙarama wadda ke maimaituwa daga bincike zuwa bincike.

Bari in kwatanta yadda irin wannan darasi yake a aikace, domin "dabarun rayuwa" ya zama laƙabin da kowa ke liƙa wa shirinsa. Malami yakan raba aji gida-gida, ya ba kowane rukuni yanayi, misali kana hanyar komawa gida sai babban abokinka ya fito da wani abu ya ce in ka isa ka gwada. Ɗaya ya zama mai tayi, ɗaya mai amsawa, sauran su sa ido, sannan a sauya. A nan yaro yake gano cewa "a'a" ɗin da yake gani kamar mai sauƙi tana maƙalewa a wuya idan idanu suna kansa, sai a sake, a kuma sakewa, har ya sami kalmomin da suka zauna a bakinsa, waɗanda zai iya faɗa ba tare da ya rasa abokin ko mutuncinsa ba. A wani darasin akan ce yara su ƙiyasta kashi nawa na tsararsu ke shan taba, a rubuta amsoshinsu a allo, sannan a nuna musu adadin gaskiya, kuma mamakin da ke bayyana a fuskokinsu yana cikin abubuwa mafi amfani a dukan manhajar. Akwai darussan kwantar da hankali lokacin fushi ko fargaba, da na fara hira da wanda ba ka sani ba, da na gane dabarun masu talla. A da yawa daga cikinsu ba a ambaton ƙwaya ko sau ɗaya.

Mafi shahara a wannan gida shi ne Life Skills Training, wato horon dabarun rayuwa, na Gilbert Botvin na Jami'ar Cornell. A gwajin da aka wallafa a 1995, an bi ɗalibai kimanin 3,600 daga makarantu 56 na jihar New York har tsawon shekara shida. Sun yi darussa 15 a shekarar farko, 10 a ta biyu, 5 a ta uku, kuma wannan tunatarwa tana da dalili, domin an sha ganin tasirin shiri yana dusashewa idan aka yi shi sau ɗaya aka bari. A ƙarshen sakandare an sami ƙarancin masu shan taba da masu buguwa da giya a cikin waɗanda suka yi shirin, sannan a cikin yaran da suka samu aƙalla kashi 60 cikin 100 na darussan, masu haɗa taba da giya da wiwi sun ragu da abin da ya kai kashi 66 cikin 100. A Turai kuma akwai Unplugged, darussa 12 na awa ɗaya-ɗaya waɗanda malaman aji da kansu ke koyarwa bayan horo na 'yan kwanaki. An gwada shi a shekarar karatu ta 2004 zuwa 2005 a kan ɗalibai kimanin 7,000 'yan shekara 12 zuwa 14 a ƙasashe bakwai, wato Italiya, Jamus, Sifaniya, Girka, Beljiyam, Ostiriya da Suwidin. Bayan wata 3 an ga ragi a shan taba kullum da buguwa, da alamar ragi a shan wiwi. Bayan wata 18 ragin buguwa da na yawan shan wiwi ya ɗore, na taba kuwa ya ɓace.

Ba zan ɓoye miki raunin wannan hujja ba. Kashi 66 ɗin nan ya fito ne daga yaran da suka samu yawancin darussan, ba daga dukan waɗanda aka sa a shirin ba, kuma masu suka irin su Dennis Gorman sun daɗe suna nuna cewa sakamako yakan fi kyau idan wanda ya ƙirƙiro shiri shi ne ya auna shi, yakan kuma ragu idan wasu dabam suka maimaita gwajin. Akwai kuma gwajin da ya kamata duk mai aiki a wannan fage ya riƙa tunawa da shi, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hutchinson ta yi a gundumomin makarantu 40 na jihar Washington. An koyar da yara darussa 65 na tsayuwa gaban matsin tsara tun daga aji uku na firamare har cikin sakandare, an yi aikin da matuƙar kulawa, amma da sakamako ya fito a 2000, yawan masu shan taba a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Don haka duk wanda ya zo miki da alkawarin cewa manhajarsa za ta kawar da shaye-shaye daga makarantarku, ki nemi ya nuna miki inda aka gwada ta, da wanda ya auna, da tsawon lokacin da aka bi yaran.

Duk da haka ban yarda da masu cewa tunda ragin kaɗan ne a bar abin gaba ɗaya ba. Makaranta ce wurin da ake samun yara masu yawa a lokaci guda kafin su fara, kuma ragi ɗan kaɗan a cikin dubban ɗalibai mutane ne masu yawa, kowanne da iyayensa. Jinkirta farawa ma riba ce. Binciken Bridget Grant da Deborah Dawson na 1997 a Amurka ya nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka fara shan giya suna da shekara 14 ko ƙasa da haka sun kamu da jarabarta a wani lokaci na rayuwarsu, alhali a cikin waɗanda suka fara daga shekara 20 zuwa sama adadin kimanin kashi 10 ne. Ba dukan wannan tazara ce farawa da wuri ta haifar ba, domin yaran da ke farawa da wuri sau da yawa suna ɗauke da wasu matsalolin tun asali, amma duk shekarar da yaro ya ƙara bai fara ba, ƙwaƙwalwarsa da hankalinsa suna ƙara ƙwari.

Shirin da ya fi burge ni, wanda kuma ya sauya yadda nake kallon wannan aiki baki ɗaya, ba ya ambaton ƙwaya ko kaɗan, kuma ba a sakandare ake yin sa ba. Sunansa Good Behavior Game, wato wasan kyakkyawan hali, an fara bayyana shi a jihar Kansas a 1969 a matsayin dabarar tafiyar da aji. Malamin aji ɗaya na firamare yakan raba yara ƙungiya-ƙungiya, yana gauraya masu ƙiriniya da masu natsuwa, a amince da 'yan dokoki kaɗan kamar zama a wuri da neman izini kafin magana, sannan a ce wasa ya fara na minti 10 yayin da ake ci gaba da karatu. Duk ƙungiyar da ba ta wuce adadin kuskuren da aka yanke ba ta ci, kuma dukan ƙungiyoyin suna iya ci tare. A hankali ake tsawaita lokacin. Sheppard Kellam na Jami'ar Johns Hopkins ya gwada shi a makarantun birnin Baltimore daga 1985, ya bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. A cikin maza, kashi 19 cikin 100 na waɗanda suka yi wasan ne aka samu da matsalar shan ƙwayoyi, idan aka kwatanta da kashi 38 na waɗanda ba su yi ba, kuma bambancin ya fi girma a cikin yaran da suka shigo makaranta da faɗa da rashin ji. A cikin mata ba a ga tasiri mai yawa ba, sannan a rukuni na biyu na yara, lokacin da aka sassauta bibiyar malamai da taimaka musu, sakamakon ya yi rauni.

Hikimar tana fitowa idan aka bi hanyar da yaro ke bi kafin ya kai ga ƙwaya. Yaron da ya kasa zama a aji yana ɗan shekara 6 yakan sha tsawa da hukunci, karatu ya wuce shi, yara masu natsuwa su guje shi, ya zuwa shekara 13 ba shi da abokai sai irinsa, kuma a wannan dandali ne ake miƙa masa abu na farko. Wasan yana yanke wannan hanya ne tun daga tushe, tun icce yana ɗanye, ta hanyar koya masa riƙe kansa da kuma ba shi wuri a cikin 'yan ajinsu.

Wannan ya kawo mu ga abin da yake hannunki kai tsaye a matsayinki na shugaba, wato yanayin makarantar kanta. A Ingila an yi gwaji a makarantun sakandare 40, aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, inda aka horar da malamai sasanta rikici ta hanyar zaunar da mai laifi da wanda aka yi wa laifi, aka kuma kafa kwamitin ɗalibai da malamai da ke duba dokokin makaranta tare. Manufar farko ita ce rage cin zali, amma bayan shekara 3 sai aka tarar shan taba, giya da ƙwayoyi ma ya ragu. Yaron da yake jin makaranta tasa ce, akwai kuma babba ko da ɗaya ne da ya san sunansa da halin da yake ciki, yana da abin da zai yi asara idan ya kauce. A ɗaya gefen, wani bincike da ya kwatanta makarantun jihar Washington da na jihar Victoria ta Ostireliya, wanda ya fito a 2015, ya gano cewa a makarantun da ke dakatar da ɗalibi daga zuwa saboda ƙwaya, yiwuwar ɗalibai su sha wiwi a shekara mai zuwa ta ninka sau 1.6, alhali a inda ake tura shi ga malami ya zauna da shi yiwuwar ta yi ƙasa. Binciken ba na ƙuri'a ba ne, don haka bai isa ya tabbatar da sababi ba, amma ya dace da hankali, domin yaron da aka kora yana komawa ne wurin da ƙwayar take, da yini guda a hannunsa babu mai sa masa ido. Gwajin fitsarin ɗalibai na ba-zata don gano masu shan ƙwaya ma bai samu hujja mai ƙarfi ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙi goyon bayan yaɗa shi a makarantu a matsayarta ta 2015.

Akwai gargaɗin da ba na so ya wuce ki, wato shiri mai kyau ma yana iya cutarwa idan aka taɓa shi ba bisa sani ba. Lokacin da gwamnatin Birazil ta ɗauki Unplugged ta fassara shi ta sa masa suna #Tamojunto, an yi wa wasu darussa gyare-gyare, musamman na giya. Da aka gwada shi a makarantu 72 a birane shida, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna cewa yaran da suka yi shirin sun fi waɗanda ba su yi ba yiwuwar fara shan giya da kimanin kashi 30 cikin 100. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Abin yabo shi ne sun auna, sun gani, sun mayar da darussan kusa da asalinsu, gwaji na biyu kuma ya nuna raguwar fara shan giya. Da ba su auna ba, da shirin ya ci gaba da yaɗuwa kowa yana murna. Dole ne a daidaita manhaja da harshe da rayuwar yaran da za a koya wa, a sauya sunaye da misalai da yanayi, amma ƙashin bayanta, wato gwaji da baki, da gyara zato a kan yawan masu sha, da saƙo bayyananne cewa ba a son yaro ya fara, ba a taɓa shi. A aikace, inda abin ya fi lalacewa shi ne hannun malamin da ba a horar ba, wanda lokaci ya ƙure masa, sai ya tsallake wasan kwaikwayon don gudun hayaniya ya karanta wa yara bayanin daga littafi. A takarda za a rubuta cewa an yi shirin, alhali lacca aka koma.

Game da yaran da kuke ganin sun fi kusa da haɗari, kada a tsince su a tara su wuri ɗaya da sunan masu matsala a bar su suna hira ba tsari. Thomas Dishion da Joan McCord da François Poulin sun nuna a 1999 cewa irin wannan tarawa tana iya ƙara lalata su, domin suna koyi da juna suna kuma yaba wa juna a kan abin da ake son su bari. Hanyar da ta nuna amfani ita ce irin ta shirin Preventure na Patricia Conrod, wanda ke amfani da gajeriyar takardar tambayoyi ya gano yara masu ɗayan halaye huɗu: aikatawa kafin tunani, son kasada, saurin firgita da alamun fargaba a jiki, da yanke ƙauna. Kowane rukuni yana samun zama biyu na minti 90 da wanda aka horar, ana koya masa yadda zai sarrafa wannan hali nasa, ba tare da an jingina masa sunan ƙwaya ba. A gwajin makarantu 21 na Landan da aka wallafa a 2013, an sami ragin shan giya da na shan wuce kima har tsawon shekara 2.

Sai dai komai ingancin makaranta, awoyi kaɗan take riƙe da yaro, kuma yawancin shaye-shaye bayan an tashi yake faruwa. Ƙasar Ayislan ce aka fi kafa misali da ita a nan. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a cikin watan da ya gabata, ya zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5, masu shan taba kullum daga 23 zuwa 3, waɗanda suka taɓa shan wiwi daga 17 zuwa 7. Ba wata sabuwar manhaja ce ginshiƙin aikinsu ba. Sun riƙa yi wa ɗalibai tambayoyi a kai a kai suna mayar wa kowace makaranta da yankinta sakamakonta cikin 'yan watanni, suka yi aiki da dokar hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawon dare bayan ƙarfe 10 a lokacin sanyi da 12 a lokacin bazara, iyaye suka riƙa ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, aka kuma zuba kuɗi a wasanni da sauran ayyukan bayan makaranta ƙarƙashin kulawar manya. Shaye-shayen matasa ya sauka a wasu ƙasashen Turai ma a wannan tsakani, kuma ƙasar ƙarama ce mai wadata, don haka ba dukan ragin za a jingina wa tsarin ba. Abin da kowace makaranta za ta iya ɗauka daga gare su shi ne ta zama wurin da iyaye ke haɗuwa su ga alƙaluman 'ya'yansu su yanke shawara tare.

Da ni ne a matsayinki, zan fara da sanin gaskiyar abin da ke faruwa, ta hanyar takardar tambayoyi marar suna wadda ba malamin aji ne zai tattara ba, a tambayi me aka taɓa sha, yaushe aka fara, da kuma kashi nawa na tsararsa yaro yake zaton suna sha, in kuma maimaita ta duk shekara a lokaci ɗaya. Sannan zan ɗauki kuɗi da lokacin da ake kashewa a taron shekara in mayar da su ga horar da malamai biyu ko uku waɗanda yara suka yarda da su, su koyar da manhaja ɗaya da aka gwada, darasi 10 zuwa 15 a jere ga 'yan shekara 11 zuwa 14, da darussan tunatarwa a shekaru biyu masu biyowa, in riƙa leƙa ajin lokaci-lokaci in ga ko yara ne ke magana ko malami. Idan kina son muryar da ba ta malami ba, ɗalibai sun fi baƙo. A shirin ASSIST da aka gwada a makarantu 59 na Ingila da Wales, 'yan shekara 12 da 13 ne suka zaɓi waɗanda suke jin maganarsu a cikinsu, aka horar da waɗannan na kwana biyu su riƙa sako maganar taba a hirarsu ta yau da kullum, yiwuwar shan taba kuma ta ragu da kimanin kashi 22 cikin 100.

Shi kuwa bawan Allah da yake zuwa ya ba da labarinsa, ba sai an rufe masa ƙofa ba. A ganina wurin da maganarsa za ta fi amfani shi ne gaban iyaye da malamai, waɗanda ke bukatar sanin yadda abin ke farawa da alamun da aka kasa gani a kansa lokacin yana ɗalibi. Yaron da ya riga ya yi nisa kuma darasin aji ba zai ishe shi ba. Yana bukatar zama na sirri da wanda aka horar, a saurare shi kafin a yi masa faɗa, a sanar da iyayensa ta hanyar da ba za ta sa a kore shi daga gida ba, a tura shi ga ma'aikacin lafiya idan abin ya kai ga haka, a kuma bar masa kujerarsa a aji muddin ba ya sayar wa wasu. Ki yi ƙoƙari a rubuta wannan tsari a dokar makaranta, malamai da iyaye su san da shi, tun kafin ranar da za a kama wani yaro da ƙwaya a jakarsa.